Gurbin da Na Riƙe

Shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo gidanmu a Sabon Gari, na koma ɗakin da na tashi a ciki, ina neman inda zan yi digiri na biyu. Abin da nake so in karanta shi ne fannin da ake koya wa kwamfuta gane abu ta hanyar nuna mata misalai masu yawa, wanda a aji muke ce wa mashin lanin. Mama ba ta taɓa iya furta sunan ba. In matan cocinmu suka tambaye ta me nake yi, sai ta ce, "Yana koya wa kwamfuta hankali ne."

Wadda ta sa ni a wannan hanya wata malama ce a sashenmu na jami'a a Samaru, ita ta duba aikina na shekarar ƙarshe. A kan ganyen masara muka yi shi. Damina guda muka yi muna shiga keke zuwa gonakin bayan Basawa muna ɗaukar hoton ganye, wanda tsutsa ta ci, da wanda cuta ta kama, da wanda rashin taki ne kawai ya sa ya yi rawaya. Burin Malama shi ne manomi ya ɗauki hoto da wayarsa, wayar ta gaya masa da Hausa abin da ke damun gonarsa. Mu biyu ne ɗalibanta a aikin, ni da wata 'yar ajinmu da ke zaune a Hanwa, mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Na fi ta saurin rubuta umarnin kwamfuta, ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Ita ce ke zama ta rarraba hotuna ɗaya bayan ɗaya, in ta yi shakka ta koma wurin mai gonar ta tambaye shi. Manoman sun fi sakin jiki da ita.

Wata ranar Litinin Malama ta kira ni ofishinta. Ta ce an ba ta damar ɗaukar ɗalibi guda ɗaya tak da zai ci gaba da aikin a matsayin digiri na biyu, kuma an samo mata kwamfuta mai ƙarfi.

"Kai na zaɓa," in ji ta. "Za ka zo?"

"Zan zo, Ma. Na gode ƙwarai."

Ban gaya mata cewa na riga na nemi jami'o'i uku a Turai ba. Takardun shaidar da aka buƙata ma wasu malamai daban na roƙa suka rubuta mini, don kada ta ji. Bayan mako biyu ɗaya daga cikin ukun ta amsa. Sun ɗauke ni, amma maganar tallafin karatu da biza sai an jira, wataƙila wata biyu, wataƙila fiye.

Na samu takarda na ja layi a tsakiya, Samaru a hagu, Turai a dama. A dama na rubuta matsayin jami'ar a jerin da ake wallafawa a intanet, da manyan na'urori, da wutar da ba ta ɗaukewa, da aikin da ke jiran mutum bayan ya gama. A hagu na rubuta Malama, da masara, da gida. Baba ya same ni a tsakar gida da takardar. Malamin firamare ne mai ritaya, ba ya ganin rubutu ya wuce bai karanta ba. Ya sa tabarau ya duba.

"Wannan ta can, wa zai koyar da kai?"

Na fara gaya masa lambar da jami'ar ta zo a duniya.

"Ban tambaye ka lamba ba. Mutumin, ka san shi?"

"Na ga hotonsa, Baba."

Ya miƙo mini takardar. "Ni ban hana ka tafiya ba. In can ne ya fi maka, ka je. Amma malamar nan ta san kana jiran wani wuri?"

Na ce ina so in ga biza a hannuna tukuna.

"To kafin ka gani, wani yana tsaye yana jiran wurin da ka zauna. Ka je ka gaya mata gobe."

Na ce to. Ban je ba.

A cikin makon nan ne na haɗu da 'yar ajinmu a Samaru, a shagon da ake buga takardu daura da babbar ƙofar jami'a. Fasfo ne a hannuna, na kawo a yi mini kwafi. Ta dube shi, ta dube ni. Muka fito tare muka tsaya a inuwar wani mai sayar da lemo.

"Na ji Malama ta ba ka gurbin," ta ce. "Allah ya sanya alheri. Ni ma na nema, amma dama na san kai za ta ɗauka."

Na yi godiya.

"In akwai wani wuri da kake jira, don Allah ka faɗa mini. Ba zan gaya wa kowa ba. So nake kawai in san ko in dakata ko in nemi wani abin."

Na ce babu. Na ce fasfon na wani taro ne da nake fatan zuwa. Ta gyaɗa kai, ta tare keke ta tafi. Har yau ina iya tuna yadda maganar ta fito mini ba tare da wata wahala ba.

Bizar ta fito bayan an rufe jerin sunayen sababbin ɗalibai da mako uku, sunana kuwa yana ciki. Sau biyu na je sashen don in gaya wa Malama. Na farko na tarar tana da baƙi, na ji daɗin samun dalilin juyawa. Na biyu a kan matakala na tsaya, na ji muryarta tana yi wa wani ɗalibi gyara, na sauko. A cikin mota, a hanyar Abuja, na rubuta mata saƙo mai tsawo a waya. Amsarta ta iso kafin mu kai Kaduna: "Allah ya kiyaye hanya."

Ba zan ce na sha wuya a can ba, don ƙarya ce. Na koyi abubuwa da yawa. Abin da kwamfutar sashenmu ke kwana uku tana yi, a can kafin in sha shayi an gama. Malamin da aka ba ni mutumin kirki ne, sai dai ɗalibansa sun yi yawa, sai in yi wata ban gan shi ido da ido ba. Aikina shi ne koya wa na'urar mota gane mai tafiya a ƙasa a lokacin hazo. Na gama lafiya, na samu aikin da nake yi daga gida, na dawo na zauna a Kaduna.

Kirsimetin farko bayan dawowata, Mama ta aike ni kasuwar Sabon Gari in sayo mata kayan miya da shinkafa. A layin masu littattafai na ga 'yar ajinmu tana cinikin alli da rajistar aji. Na so in wuce, amma ta riga ta gan ni.

"Bature, sannu da zuwa. Yaushe a gari?"

Muka gaisa, ta tambayi su Mama. Ta ce tana koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Hanwa, daga aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare. Na tambaye ta digiri na biyu fa. Ta ce a shekarar da na tafi Malama ta yi ƙoƙarin a sauya sunana da nata, aka ce lokaci ya wuce, gurbin ya tafi a banza. Shekara ta zagayo, ba a sake ba Malama damar ba. Sai kuma jikin mahaifinta ya yi tsanani, ta karɓi aikin makarantar don ta kasance kusa da gida.

"Ranar nan a Samaru," ta ce, "ka riga ka sani, ko?"

"Na sani."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Tsoro na ji kada in rasa duka biyun."

Ta karɓi ƙullin allinta daga hannun mai shago, ta saka a jaka. "Ni kuwa guda ɗaya tak nake da shi," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta ce in gaida gida.

Bayan sabuwar shekara na shirya na je wurin Malama. Ofishin yana nan yadda yake, sai dai ta ƙara furfura. Ta nuna mini kujera, ta tambaye ni abin da na yi bincike a kai, ta saurara sosai, har ta yi mini tambayoyi biyu da na daɗe kafin in amsa. Daga nan na ce na zo neman gafara ne.

"Tafiyarka ba ta ɓata mini rai ba," ta ce. "Da ka gaya mini, ni da kaina zan rubuta maka takardar shaida, kuma ta fi waɗanda aka rubuta maka, don na fi su saninka. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar nan. Sau uku tana zuwa ofishin nan tana tambaya ko akwai canji, ni kuma ina ce mata babu, saboda ka yi mini alkawari."

 Na tambaye ta ko akwai abin da zan iya taimakawa da shi a aikin masarar, ko daga nesa ne. Ta ce hotunan suna nan a ajiye, wasu ɗaliban digiri na farko suna taɓawa jefi-jefi, za ta duba ta sanar da ni. Wani ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa da fayil a hannu, na miƙe na yi sallama.

Ba ta kira ni ba tukuna. Ita kuwa 'yar ajinmu, duk lokacin da na ga sanarwar tallafin karatu a fannin, nakan tura mata. Takan amsa da "Na gode." Ban san ko ta taɓa cike ko ɗaya ba, kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.