Saƙon Haihuwa Daga Gwandu Zuwa Surin Dangoma

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, wata Alhamis cikin damina, muna zaune a tsakar gidana a Gwandu, ni da mai ɗakina da 'yarmu ta biyu, wadda ke aiki da kwamfuta a wani asibiti. Kunu muke sha. Sai babban ɗana ya kira daga ɗakin haihuwa, ya ce matarsa ta sauka lafiya, an sami namiji.

Mai ɗakina ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, na ɗaga mata hannu. A gidanmu labari yana da tsari. Haihuwa ko aure ko rasuwa, wanda ya fi kowa shekaru shi ke fara ji, sannan na bayansa, har a sauko kan auta. Babba a wurinmu shi ne Yaya, wanda ke zaune a Dangoma yana noma, kuma shi ke zaɓa wa jarirai suna. An taɓa tsallake shi da labarin wata haihuwa, bai je sunan ba, kuma har yau yarinyar da aka haifa "baƙuwa" yake ce mata, alhali ta yi aure.

Kira ba ya shiga gidan Yaya sai da sa'a, don haka na yi saƙon murya. Na fara da sallama, na tambayi gona, na tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan na faɗi labari. Na tura masa. Bayan shi na tura wa mai bi masa, sannan sauran, kowa a matsayinsa. Ta ƙarshe ita ce Auta, ƙanwarmu da ke aure a cikin garin Kalgo. Na ajiye waya na ce wa mai ɗakina yanzu tana iya guɗarta.

'Yata ta ɗauki wayar ta duba, ta ce, "Baba, na Baffa bai shiga ba fa."

Na ce, "Shi na fara tura wa."

Ta ce, "Ka fara tura masa, amma dubi, maki ɗaya ne a gefen nasa. Na Goggo Auta maki biyu, har ta saurara."

Na ce ta yi mini bayani daki-daki, ban son gaggawa. Ta ce na farko, saƙo yana fita daga wayata ya hau ƙarfen sabis na kusa da mu. Na biyu, daga can a miƙa shi wasu manyan na'urori a wata ƙasa mai nisa. Na uku, na'urorin su nemi wayar mai saƙo. In tana inda sabis yake, su ba ta nan take. In ba ta nan, su riƙe, kamar kayan da aka sauke a tasha ana jiran mai su.

Na ce, "To, su na'urorin ba sa duba wanda ya riga wani shiga?"

Ta ce, "Baba, ba su san Baffa ya girmi Goggo ba."

Ban gama karya kumallo ba. Na sa hula na nufi tasha. Na kira Auta ina cikin mota don in ce ta riƙe bakinta, ta ɗauka tana dariya, ta ce ai ba ta faɗa wa kowa ba sai wata mai nono da ke kawo mata kindirmo kowace safiya. Na tambaye ta mai nonon 'yar ina ce. Ta ce, "Yaya, kamar dai rugarsu a bayan Dangoma take."

Na isa bayan azahar. Tun daga bakin gari mata ke yi mini barka da jika. Wani mai gyaran keke ma ya tambaye ni ko jaririn ya ɗauko hancina. Na tarar da Yaya a zaure yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba.

Ya ce, "Mutumin Gwandu, lahiya da rana tsaka?"

Na ce lafiya ƙalau, ai ya ji abin alheri.

Ya ce, "Ni ban jiya ba. Na dai ji mata na ta hayaniya. Maganar mai nono ba labari ba ta."

Na ce to ga ni, bari in faɗa masa da bakina. Ya ce a'a. In da gaske na tura masa tun safe kamar yadda nake cewa, to yana son ya ji wancan na safe. Wanda zan faɗa yanzu ragowa ne, kowa ya riga ya sa hannu a ciki. In kuwa babu na safe, in gaida mutanen Gwandu, su nemi mai raɗa suna.

A unguwarsu wuri ɗaya ne sabis ke kamawa sosai, kan wani babban suri a bakin gonar gero. Yaya ya shiga ciki ya sako babbar riga da hula, domin a cewarsa ba a karɓar labarin jika da rigar noma. Muka tafi, shi a gaba, ni a baya riƙe da takalmansa saboda taɓo. Na tallafa masa ya hau surin, ya tsaya yana haki, riga tana kaɗawa, ya ɗaga waya sama.

Ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Duk saƙon da aka riƙe masa a tashar can suka zubo lokaci guda. Ya sauko da ita kusa da ido, ya ga hoton Auta a can sama. Ashe ita ma ta turo masa nata barka.

Ya ce, "Mi ya kai Auta bisa kanka? Ita ta riga ka ke nan."

'Yata ba ta kawo wannan babin ba. Na duba da kyau, na ga nawa yana ƙasa, na sauran suna kansa, sababbi a sama. Na ce, "Yaya, in kana zuba dammuna a rumbu, wanne ke kwanciya a ƙasa?"

Ya ce, "Wanda ya hwara shiga."

Na ce, "To, ga nawa nan a ƙasa."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya danna nawa. Muryata ta fito tana tambayar gona, ya amsa mata. Ta tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Da ta zo kan haihuwa sai ya dafe ƙirji ya ce, "Kai! Alhamdu lillahi! Namiji?" kamar ba shi ne mata suka yi wa guɗa a ƙofar gida tun hantsi ba.

Ban sauke numfashi ba ya yanke hukunci. Tunda shi yanzu ya ji, to babu wanda ya ji kafin yanzu. Ya zauna a kan surin, ya ce in riƙa nemo masa lambobi, daga babba zuwa ƙarami. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya yana sanar da su an haihu a Gwandu. Mai bi masa ya gane, ya yi mamaki daidai gwargwado. Wani ɗan'uwanmu ya fara cewa "Ai tun safe..." na ƙwace wayar na ce sabis ya yanke, aka sake kira, ya gyara bakinsa.

Auta ce ta ƙarshe. Ta kurma ihu har wani mai shanu ya waiwayo. Ta ce, "Babban Yaya, da gaske? Wallahi da ba ka faɗa mini ba, da sai dai in ji a bakin masu nono!" Yaya ya ce mata, "Ke, ya isa. Kin zarce."

Ranar suna ya iso Gwandu kafin a shimfiɗa tabarmi, ya zaɓa wa yaro sunan mahaifinmu.

Mai karatu, ga roƙona. In wata rana wani dattijo ya kira ka, muryarsa tana yankewa, iska tana bugun wayarsa, ya ba ka labarin da ka riga ka sani, kada ka ce ka ji. Ka ce, "Kai! Yaushe?" Kuma ka yi sauri, don mai yiwuwa a kan suri yake, wani kuma yana ƙasa riƙe da takalmansa.