Injin Da Ka Tayar A Cikin Duro

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, labari ya iso Ƙofar Sauri a Katsina cewa kwale-kwale ya kife da Malam Sammani makanike da mutum shida a madatsar ruwan da ake ƙetarewa zuwa ƙauyensu.

Sammani, shekara goma sha tara shagona na ɗinki yana jingine da garejinka. Ban taɓa ganin ka karɓi ko sisi a hannun matar da ta kawo injin markaɗe tana hawaye ba. Sai ka gyara, ka ce ta gaida yara.

Ina nan ranar da ka dawo daga Yawuri da tsohon injin jirgin ruwa a bayan a-kori-kura, duk tsatsa, farfelarsa a karye. Muka yi ta dariya, ni ne ma kan gaba. Na ce, "Malam Sammani, a Ƙofar Kwaya za ka tuƙa shi ko a Babbar Kasuwa?" Ka ci gaba da sauke shi. Daga baya na tuna ruwan madatsar ƙauyenku ne ya ci ƙanwarka Rashida tana dawowa daga kasuwa, a kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu. Har yau kunyar maganar nan ba ta sake ni ba.

Wata bakwai kana kansa. Ka warware shi ɗaiɗai a kan buhu, ka wanke da fetur, ka sauya fistin da filogi. Da yake ba mu da kogi, duro ka cika da ruwa ka tsoma ƙafarsa mai farfela ciki. Duk wanda ya tsaya kallo sai ka gaya masa, "Wannan ba babur ba ne. Ruwa yake sha ya huce. Aka tada shi a tudu, ya ƙone." Ranar da ya tashi, ruwan duro ya jiƙa mini shaddar mutane, ban ko yi fushi ba.

Kyauta ka kai wa ƙauyenku. Sai ga wani ɗan siyasa, wanda bai sayi ko ƙusa ba, ya ce shi zai ƙaddamar. Aka ɗaura injin a jikin jirgi, aka ɗora jirgin a kan yashi don hoto ya yi kyau. Yaransa suka ja igiyar tada injin, suka yi ta ba shi wuta jama'a na tafi. Kana bayan taro kana ihu, "Ku kashe! Ba ya cikin ruwa!" Masu gadi suka tare ka, don rigarka duk baƙin mai. Kafin a gama jawabi injin ya ƙone.

Ba ka zagi kowa ba. Ni na zaga a madadinka, kuma ban janye ba. Ka dawo Katsina ka sake haɗa kayan gyara, ranar Talata ka shiga wancan tsohon kwale-kwalen don ka ƙetara ka tada injinka. Iska ta taso a tsakiyar ruwa, tuƙin hannu ya kasa. Da aka tsamo ka, sabon fistin na cikin jakarka, a naɗe cikin tsumma.

Ɗan siyasar ya aiko da gaisuwa a takarda. Hotonsa na nan a bakin ruwa, an rubuta shi ya kawo wa jama'a jirgi. Allah na gani.

Allah Ya jiƙanka, Sammani, Ya karɓi shahadarka da ta waɗanda kuka tafi tare, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Rabi, da 'yarka Nafisa, da yayanka Alhaji Yari. Allah Ya ba ku haƙuri.

Duron yana nan a ƙofar gareji, cike da ruwa. Jiya aka ce in zubar saboda sauro. Na kasa.