Tsintsiyar Firmin a Kwanar Marmaro

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin ƙararrawar coci ta buga, duk mai gida a bakin hanya a ƙauyenmu na Casterade ya san abin da zai ji. Tsohuwar a-kori-kurar hukuma za ta yi tari sau uku kafin ta tashi. Firmin Soubiran ke nan zai hau dutse. A bayan motar akwai shebur, da bokiti biyu, da tsintsiya mai doguwar ƙota. A kujerar gefe kuma ƙunshin burodi da cukun tumaki ne da matarsa Odile ta ɗaure masa. Zai tuƙa har kan mashigin dutse, ya ajiye motar, sannan ya fara gangarowa da ƙafa, daga wannan kwanar hanya zuwa waccan, har guda goma sha tara. Inda ruwa ya janyo ƙasa ya kwashe, inda dutse ya faɗo ya ture, inda magudana ta toshe ya sa hannu ya buɗe.

Shekara talatin da shida yana wannan aiki na leburan hanya. A ƙarshen watan jiya ya ajiye shi. An yi ɗan taro a ofishin magajin gari, aka ba shi agogon bango, aka tafa, aka watse. Na koyar da 'ya'yansa biyu karatu, na kuma koyar da jikarsa kafin ni ma in ajiye alli, saboda haka na ga bai kamata a bar maganarsa ta ƙare a agogon bango ba. Abin da zan faɗa a nan da izininsa ne. Da na tambaye shi, sai ya juya baƙar hularsa a hannu ya ce, "Rubuta, Malam. Amma kada ka gyara ni."

Mu nan ranarmu ɗaya ce a shekara. A watan Yuli tseren keke na mako guda yana biyowa ta kanmu, kuma rabonmu shi ne ranar hawan dutse, wadda take raba gardama tsakanin mahaya. Tun kwana biyu kafin ranar baƙi ke cika gefen hanya da motocin kwana da tutoci. Kowa can sama yake son tsayawa, inda mahaya ke hawa a wahale, baki buɗe, ana yi musu ihu a kunne. Ba mai damuwa da gangara. A gangara babu abin kallo, ƙiftawar ido ce sun wuce, suna gudun kilomita tamanin a awa a kan tayar da ba ta fi faɗin babban yatsa ba. Can ne wurin Firmin. Kwana ta bakwai daga sama, wadda muke kira Kwanar Marmaro saboda ruwan da ke fitowa daga jikin dutse a gefenta, a nan yake tsayawa kowace shekara da tsintsiyarsa.

Bastien makiyayi, abokinsa tun suna yara, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Angon tsintsiya," in ji shi, "yau ma da amaryar aka fito? Odile dai ta yi haƙuri." Firmin yakan ce, "Kai dai tsare tumakinka, mai warin cuku. Wadda ta taka min kwalta yau, gobe a tukunya za ta kwana."

A tambayi Firmin wa ya ci tsere a bara, bai sani ba. Bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar mahayi ba. Taya yake kallo, da inda take taka ƙasa.

Dalilin wannan ya faru ne shekara talatin da huɗu da suka wuce, yana ɗan shekara ashirin da takwas, shekararsa ta biyu a aiki. An yi zafi a makon nan irin wanda tsofaffinmu ba su taɓa gani ba. Ranar tsere, tun hantsi kwaltar Kwanar Marmaro ta narke, ta yi baƙi tana sheƙi, tana kama takalmi. Duk leburan hanya ya san maganin narkakkiyar kwalta, shi aka koya masa tun ranar farko: a watsa mata tsakuwa. Mota tana bi ta danne tsakuwar, hanya ta gyaru. Firmin ya tausaya wa mahayan da za su shiga wannan danƙo, ya ɗauki shebur ya watsa tsakuwa cike da baro biyu, ya baje ta da kyau. Ba wanda ya sa shi. Alheri ya yi niyya.

Abin da ke maganin mota kuwa shi ne ajalin keke. Wanda ya fara gangarowa a ranar wani saurayi ne daga gaɓar teku ta arewa, Loïc Kervella, ɗan shekara ashirin da huɗu. Bai taɓa cin babban tsere ba, ga shi ya tsere wa kowa da minti uku, saura gangara kawai da ɗan miƙaƙƙen titi. Ya kwanto da kekensa cikin kwanar, tayar gaba ta hau tsakuwa ta zame. Ya bugi katangar dutse da ƙugu. Firmin yana tsaye bai fi taku goma ba, shebur a hannu. Shi ya cire rigarsa ya yi wa yaron inuwa har motar asibiti ta iso. Kervella ya tashi daga jinya da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Bai sake hawa keken tsere ba.

Masu bincike suka rubuta cewa motocin 'yan kallo ne suka watso tsakuwa daga gefen hanya, aka rufe magana. A ƙauye irin namu kowa ya sani, kuma ba wanda ya faɗa. Mun ɗauka rufin asiri muka yi masa. Yanzu da na tsufa ina ganin barinsa muka yi shi kaɗai da kayan da suka fi ƙarfinsa.

Wani zai bar aikin, wani zai kama kwalba. Firmin tsintsiya ya kama. Mako guda kafin tsere yake fara sharar gangaren nan, ranar tsere kuma ya share Kwanar Marmaro sau uku, na ƙarshe bayan motocin talla sun wuce sun zubar da tarkacensu. Bastien ya shaida shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara saura minti ashirin mahaya su iso, laka da duwatsu suka malalo kan kwanar. Ƙotar tsintsiya ta karye, Firmin ya durƙusa yana kwasa da tafin hannu. Da mahaya suka wuce lafiya, Bastien ya ce hannayen nan kamar an yanka kaza a kansu.

Ni kuma na shaida shekarar da zafi ya dawo. Sabon shugaban ma'aikata, yaro mai takardu da kyakkyawar niyya, ya turo tifa cike da tsakuwa da safiyar tsere. Firmin ya zauna a tsakiyar hanya gaban tifar, ya miƙe ƙafafu.

"Baba Firmin, tashi mana, umarni ne daga ofis," in ji direban.

"To ka juye a kaina, ɗana. In ka gama ka gaya wa ofis an bi umarni."

Tifa ta koma da kayanta. Firmin ya yi ta jidar ruwan marmaro da bokiti biyu yana kwarara wa kwalta don ta huce, tun hantsi har ƙarfe uku na rana, mu da muke wurin muka shiga layi muna miƙa masa. An ba shi takardar gargaɗi a kan wannan, ƙarin girman da yake jira kuma ya wuce shi, bai sake dawowa ba.

Kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa, Firmin. Wanda ya ci tsere ana ba shi furanni, kai kuwa ladanka shi ne a wuce ka ba a waiwayo ba. Tun daga ranar da Kervella ya faɗi ba mahayin da ya sake faɗuwa a Kwanar Marmaro. Ba jaridar da ta buga haka, don ba a buga labarin abin da bai faru ba.

Sai dai shara ba ta kai inda ciwon yake ba. Duk hunturu, idan dusar ƙanƙara ta rufe mashigi, Firmin yakan zo gidana bayan abincin rana, ya zauna a bakin kujera ya ce, "Malam, mu gwada wasiƙar nan." Wasiƙa ce zuwa ga Kervella. Mukan rubuta layi uku ko huɗu. Da mun kai wurin da za a ce "ni ne", sai ya miƙe ya ce ya tuna bai rufe rumfar itace ba. Odile ta ce min gwangwanin biskit guda ya cika da waɗannan wasiƙu.

Shekara tara da suka wuce abin ya ƙara nauyi. A bayan kowane tsere akwai motar da ke bin mahayi na ƙarshe, tana kwashe waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Motar tsintsiya ake ce mata, har tsintsiya ake ɗaura mata a baya. Aka ba Kervella tuƙinta. Duk shekara sai ya iso Kwanar Marmaro bayan kowa ya wuce, ya ga dattijo tsaye da tsintsiya, ya danna masa ham ya ɗaga hannu. Firmin ya ɗaga masa. Daga nan ya koma gida ya kasa cin abinci.

Bana Odile ta gaji. A gabana ta ce masa, "Maigida, bana ce ta ƙarshe. Baɗi ba kai ne a kwanar nan ba. In ka bar mutumin nan ya wuce, da wannan dutse a ƙirji za a binne ka, ni kuma na gaji da kwana kusa da shi." A wannan karon mun gama wasiƙar. Layi shida ce.

Ranar tsere na tsaya tare da shi. Na gaba suka wuce, babban ayari ya wuce, 'yan baya suka yi ta wucewa ɗaiɗai. Can sai ga na ƙarshe, wani dogon yaro yana rawar sanyi a kan keke, motar tsintsiya na biye da shi. Yaron na wucewa Firmin ya taka zuwa tsakiyar hanya, ya riƙe tsintsiyarsa a gicciye. Mota ta ci birki har tana ƙara. A ciki akwai mahaya uku lulluɓe da barguna, an riga an cire musu lambar tsere, ba mai kallon wani.

Kervella ya leƙo da furfurarsa. "Kai dattijo, ka gaji da duniya ne? In mutuwa kake so nemi wata motar, tawa ta cika!"

Firmin ya cire hula. Wasiƙar na hannunsa amma bai miƙa ba tukuna.

"Ba motocin 'yan kallo ba ne," ya ce. "Tsakuwar nan. Ni na zuba ta. Baro biyu. Kwalta ce ta narke, na ɗauka taimako nake yi."

Kervella ya dubi katangar dutsen, ya dubi Firmin.

"Kai ne mai rigar," ya ce a hankali. "Wanda ya yi min inuwa."

"Ni ne."

"Shekara talatin da huɗu ina tsine wa mutumin da ban san fuskarsa ba. Ashe shi nake ɗaga wa hannu." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Kada ka jira in ce maka ba komai, dattijo. Da komai. Minti uku na ba su. Ka san mene ne minti uku a kan dutsen nan?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba." Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya jefa ta gaban gilashi. "Matsa. Yaron da nake bi na gaba shi kaɗai."

Firmin ya matsa, mota ta gangara. Sannan ya mayar da hularsa, ya shiga share kwanar da babu sauran wanda zai bi ta.

Yuli ya wuce, Agusta ya wuce, aka yi taron agogon bango, ba amsa. Sai makon jiya Firmin ya ƙwanƙwasa min ƙofa da kati a hannu, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Na san ƙarya yake, ya karanta ya fi sau ashirin. Babu gaisuwa a katin, babu sa hannu. Abin da ke ciki ke nan: "Tsintsiyar da ke bayan motata ta tsufa. In ka gama da taka, aiko min."

"Malam," ya ce, "wannan yafiya ce?"

Shekara arba'in ina amsa tambayoyin mutane. Amma na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai kamar dama haka ya zata. Washegari Odile ta naɗe tsintsiyar da takarda mai kauri, shi da kansa ya kai ta gidan waya.

Mun gode, Firmin na Odile. Mun gode da hannayen da ka farfasa, da girman da ka rasa, da ɗaruruwan 'ya'yan mutane da suka bi ta gabanka suka isa gida da ƙafafunsu, ba su san sunanka ba. Ka yafe mana shirun da muka yi. Ga matasan da za su gaji hanyar nan, da duk mai riƙe da wani ƙaramin aiki da ran wani ya rataya a kai, ga abin koyi: in hannunka ya yi ɓarna, kada ka gudu daga wurin, tsaya ka gyara. Abu ɗaya kawai zan ce kada ku koya daga gare shi, shi ma ya yarda in faɗa. Kada ku jira shekara talatin da huɗu kafin ku tare motar.

Baɗi a watan Yuli, idan na ƙarshe ya wuce Kwanar Marmaro, ku dubi bayan motar da ke binsa. Ƙotar tsintsiyar ta lotsa a wuri biyu, daidai inda hannun Firmin yake kamawa.