Ranar da Na Kai Kawu Silima a Lyon

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranar da na kai Kawu silima a Lyon ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin na gama master ina son in zarce doktora, amma Baba ya kafe sai na dawo Maraɗi. Wai ya ji duk yaron da ya daɗe a Turai zuciyarsa bushewa take yi. Kawu, ƙanen mahaifiyata, yakan zo Aubervilliers kusa da Paris sarin kaya, sai Baba ya ce ya biyo ta Vénissieux, inda nake zaune a gefen Lyon, ya duba ni. Abin da Kawu ya faɗa shi za a yi, kowa ya san haka.

Ni kuwa da neman gindin zama, na tuna Kawu mayen fim ɗin karate ne. A gida shi ke zama gaba-gaba a gidan bidiyo yana yi wa akta ihu. Na ga hoton wani fim na Japan, mutum riƙe da takobi, jaridu sai yabonsa suke. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ko tambaya ban yi ba.

Ashe ba karate ba ne. Fim ne na 'yan daba, duhu tun daga farko, ba waƙa ba raha. Kawu dai ya ɗauka a gida yake. "Kai, bayanka! Ga shi nan ya laɓe!" Wata tsohuwa ta juyo ta ce, "Chut!" Kawu ya dube ni. "Ita ba ta ga kashe shi za a yi ba?"

Sai aka zo inda wani ɗan daba ya yi wa ubangidansa laifi. Ya durƙusa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya datse ɗan yatsansa da kansa. Na dafe ido ina ta innalillahi, na kasa ɗagowa. Na kusa da mu kuwa yana cin guggurunsa hankali kwance. A ƙarshe aktan ma aka kashe. Fitila ta kama, Turawa suka yi tafi, wani har da "Magnifique!"

A metro, jirgin cikin gari, Kawu ya haɗe rai yana kallon taga. Na ce a raina doktora ta tafi, kuma ni na jawo wa kaina.

Muna isa ɗaki ya kira Baba. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, a bar yaron nan ya yi karatunsa. Zuciyarsa tana nan yadda ka san ta."

Da ya ajiye waya na ce, "Kawu, fim ɗin fa?"

"Wane fim? Tun da aka fiddo wuƙar nan na bar kallonsa, kai nake kallo. Da na gan ka kana tauna kamar wancan bawan Allah, da gobe tare za mu hau jirgi." Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Amma ba ka iya zaɓen fim ba. A kashe akta? Ai wannan cin amana ne!"

Na yi doktorata lafiya. Daga ranar na gane idan babba ya zo duba ka, ba abin da ka shirya masa yake dubawa ba, abin da ya kuɓuce maka yake jira. Har yau in jini ya fito a talabijin kau da kai nake yi. Yarana su yi ta dariya, ni kuwa ko a jikina.