Yaya Juwairiyya da Ragon Fulawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, aka bugo mini waya daga Birnin Kudu cewa Allah Ya karɓi ranki, Yaya Juwairiyya, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun kai ki makwancinki.

Masu ta'aziyya sun faɗi alheranki, kuma ba su yi ƙari ba. Wata ta ce ke kika koya mata toya kek har ta tsaya da ƙafarta. Wata ta ce kin yi wa 'yarta na biki, kika hana ta ko buɗe baki a kan lada. Ni ƙaninki abu ɗaya zan faɗa, domin a gidanmu aka yi shi.

Shekara uku ke nan, Babbar Sallah ta riski ɗana Iliyasu a gadon asibiti, ciwon sikila ya kayar da shi. Tun da azumi kakansa, Baba, ya yi masa alkawarin cewa bana shi zai riƙe ƙafar rago idan za a yi layya. Da aka sallamo mu, ko fatar ragon bai tarar ba. Yaron nan bai yi kuka ba, abinci kawai ya daina ci. Lallashi, faɗa, kunun gyaɗa, duk a banza. Muna kallo yana ramewa, kuma likita ya riga ya gaya mana abin da rama ke jawo wa mai irin ciwonsa. Wallahi na ji tsoro.

Da na gaya miki, sai kika ce, "Ba jibi zai cika shekara bakwai ba? Ka bar ni da shi."

Na tuna miki cewa Baba ya hana bikin zagayowar ranar haihuwa a gidansa, ya ce al'adar wasu ce. Kika ce, "Na ji. Ni dai rago zan kawo wa ɗana."

Ragon kek kika shirya yi, ga shi ba ki da injin gashi. Yashi kika zuba a gindin babbar tukunya, kika ɗora garwashi a kan murfi. Gangar jikin a langa kika gasa ta, kan kuma a kofin silba. Kika murɗa cincin ya zama ƙaho, kika mulmula wani dogo ya zama ƙafafu. Kika shafe shi da kwaɓin sukari da bota, kika barbaɗa gogaggiyar kwakwa ta zama gashi, kanumfari biyu suka zama idanu. A cinya kika riƙo tiren tun daga tashar Birnin Kudu har Gwaram, kina yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Iliyasu ya tashi zaune da ya gan shi. Amma da kika ɗauki wuƙa sai ya riƙe hannunki ya ce, "Gwaggo, mace ba ta yanka rago. A kira Baba."

Ni da nake namiji na kasa motsi. Ke kika gyara mayafi, kika tafi zaure, kika durƙusa kika ce, "Baba, jikanka yana bin ka alkawari."

Baba ya shigo fuska a murtuke. Ya dubi tiren, ya dubi wuyan yaron da ya zama kamar sillen kara. Sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Wane ne ya kwantar da shi haka? Ku juya shi ya fuskanci alƙibla. Kai kuma riƙe ƙafar da kyau." Ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Iliyasu ya cinye ƙafar da ya riƙe, ya ƙara da kai, da yamma ya nemi tuwo.

Ranar sadakar ukunki, Baba da bai saba yabon 'ya'yansa a gaban mutane ba ya ba da labarin nan da bakinsa. Da ya zo wajen durƙusonki sai ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a.

Yaya, na yi rashinki, kuma ba na shakkar cewa abin da kika yi yana rubuce a wurin da ba a mantuwa. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Abdurra'uf, da 'ya'yanki Munira da Munzali, da Baba wanda ya binne 'yarsa da hannunsa. Allah Ya ba mu haƙuri.

Iliyasu ya ce idan ina yi miki addu'a in gaya wa Allah cewa har yau yana cinye abincinsa.