Kitson da aka kwance a Kaoje

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi mu uku, ni da likitan ƙwaƙwalwa da direba. A cinyata akwai akwatin da na ƙi yarda a sa a but ɗin mota. Cikinsa ƙananan faya-fayan ƙarfe ne da ake mannawa a fatar kai, su ɗauko motsin ƙwaƙwalwa zuwa na'ura. Shekara biyu na yi ina gyara sinadarin da muke shafe su da shi, don kada zufa ta ɓata aikinsu. A ɗakin bincike mai sanyi sun yi kyau. Ban san yadda za su yi a zafin Bagudo ba.

Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can. A Bagudo muka karya da masa da soyayyen kifi mai araha, har direba ya fara zancen dawowa da iyalinsa. Muka haye kogin Kwara, gonakin shinkafa dama da hagu, 'yan babur ɗauke da kaya suna nufar iyakar Benin.

A ƙaramin asibitin Kaoje muka tarar da wata Bafillatana, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ke yanke jiki ta faɗi. Ta daina kai nono kasuwa, don an ce iskoki ne, mutane na gudun ƙwaryarta. Likita ya yi mata bayanin gwajin da za mu yi, ta yarda.

Na manna faya-fayan, na'ura ta shiga zana shirme. Na sake, haka.

Surukarta, wata tsohuwa da ke zaune gefe, ta taɓa kan matar, ta shinshina yatsa.

“Ɗiyata, man shanu na,” in ji ta. “Mi za shi kama bisa mai?”

Matar ta dafe kitsonta, wanda aka yini guda ana yi mata. Sannan ta zare ɗankwali gaba ɗaya. Ni da tsohuwar muka kwance shi, muka wanke kan da sabulun salo.

Da na sake mannawa, layuka suka fito tsaf, kuma ba su gurɓace ba duk da zufar da ke tsiyaya. Likita ya daɗe yana dubawa.

“Farfaɗiya ce, Inna. Tana da magani, kuma ba a ɗauka.”

“Ko ta nono?” in ji tsohuwar.

“Ko ta nono.”

Tsohuwar ta sa ya maimaita a gaban matan da suka taru a ƙofa.

Mun iso gida bayan magariba, a gajiye amma da farin ciki. Na koyi cewa kafin in gyara ƙarfe, sai na san kan da zai hau. Washegari na je ɗakin bincike da ƙullin man shanu a jakata, don in gwada faya-fayan da shi.