Garin da Gidajensa Suka Karkace

Ko zan manta da duk ramukan da na shiga da duk tashoshin da na yi zaman jiran mota, ba zan manta da ranar da ni da yayana muka kalli wani tsohon fim na Jamusawa a zauren gidanmu ba. Fim ne babu launi, babu magana, wanda da farko na ɗauka cutata aka yi da shi.

Lokacin ba ni da tsayayyar sana'a. Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare, na yi kabu-kabu, na sayar da fetur a kwalba, na bi masu haƙar zinari zuwa Bagega na dawo hannu wofi. Duk abin da na kama, kafin damina ta zagayo na gaji da shi. Yaya ba haka yake ba. Magini ne mai hannu, kafin zinari ya ja shi ya koma aikin injin niƙa dutse. Ya daɗe a gaban wannan inji mai ƙara, sai wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, ya tashi kunnuwa sun tafi.

Ba kurumtar ce ta fi tayar wa gidanmu hankali ba. Tafiyarsa ce. Sai ya dafa bango yake takawa, yana cewa ƙasa ta karkata, ɗaki na jinginowa kansa, ƙofa ta koma gefe. Da yake ba ya jin muryarsa, da ƙarfi yake faɗi, mutane su yi ta kallon juna. Da ya lura, sai ya daina faɗi. Ya daina fita, ya koma zaure ya zauna kamar buhu. Aka fara cewa ai dama zinari yana da masu shi, mutanen ɓoye na cikin rami ne suka taɓa shi. Baba ya daɗe yana ƙin zancen, amma shi ma ya gaji. Ya yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za a kai Yaya wurin wani mai magani a wani ƙauye ta wajen Bukkuyum. Kowa ya san wurin. Mari ake sa wa mutum a ƙafa, a yi ta turara shi, wasu kuma su dawo sun fi yadda suka tafi lalacewa. Ni aka ce zan ɗauke shi a babur. Inna kuwa ta wanke masa riguna ta ninke.

Ana gobe tafiyar na shiga Anka na ba wani mai tura fina-finai da ya san gidanmu wayata, na ce ya cika mani ita da fina-finan faɗa, don na san zaman can zai yi tsawo. Kafin in bar bakin tasha na buɗe ɗaya. Baƙi da fari, kiɗa kawai, bakin mutane na motsi ba abin da ke fita. Na koma.

"Kai, mi ka saka mani haka? Ko lasifikata ka lalata?"

Ya duba ya yi dariya. "Wayarka lafiya lau take. Haka aka yi shi. Na Jamusawa na, wani ɗalibi ya bar shi cikin kwamfutata. Ya girmi kakanka, lokacin ba a iya sa magana cikin fim ba."

"To ni mi zan yi da fim ɗin kurame?"

"Kai wa yayanka mana."

Masu zama a benci suka kwashe da dariya. Da wata rana ce da an raba mu. Ranar ko ƙarfin zagi ba ni da shi, na hau babur na tafi.

Bayan azahar na zauna a zaure zan goge shi. Yaya na gefe, ya jingina kai da bango. Ban san abin da ya sa na bar shi yana tafiya ba, gajiya ce dai ta hana yatsana motsi. Wani gari ake nunawa a kan dutse. Gidajensa duk sun karkace, wannan ya jingina da wancan kamar tsofaffi sun dawo daga gona. Tagogi masu tsini, titi ya fara da faɗi ya ƙare siriri ya haye sama. Mutanen sun sha kwalli har ya zubo, fuskokinsu fari fat, idanu manya. Ina cikin kallo na ji kaina na juyawa, har sai da na dafa tabarma.

Sai na ji an fizge wayar.

Yaya ya kai ta kusa da fuskarsa, ya ƙura mata ido. Ya daɗe. Sannan ya juyo da ita wajena ya sa yatsa a kan titin nan.

"Ga shi nan," ya ce, da muryar nan tasa mai cika zaure. "Wanga shi nike gaya muku. Haka gidanmu yake zama in na miƙe."

Wata da watanni yana faɗar wannan magana muna jin ta a matsayin maganar wanda aka taɓa. Sai ga shi wasu mutane da suka mutu tun kafin a haifi Baba sun gina ta da katako, na kalla na minti kaɗan ni ma jiri ya kama ni. Shi kuma kullum a ciki yake kwana yake tashi.

Ya ci gaba da kallo, bakinsa ya buɗe kamar an cire marfi. Ya ce in duba bangon can, ba gini ba ne, yadi ne aka ɗame a kan katako. Ya ce inuwar da ke ƙasa fenti ce, don mutumin ya wuce ta kanta ba ta motsa ba, hasken da ke jikin ƙofa shi ma zana shi aka yi. "Wanda ya yi wanga ya iya gini," ya ce. "Sai ka san yadda bango ke miƙewa kake iya karkata shi haka bai faɗi ba." Ni da nake da kunne ban gane labarin ba, sai jira nake a yi magana. Shi ya riƙa gaya mani: wannan dogon mai baƙar riga shi ke tsaron ƙararrawar gari, waccan mai farin mayafi tana tsoronsa amma tana tausayinsa, dubi yadda ta riƙe hannunta. Duk a fuska da kafaɗa yake karantawa.

Inna ta ji murya ta leƙo da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta koma ba. A haka Baba ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa.

"Mi ke faruwa? Abin ya tashi?"

"Baba, zauna ka gani," na ce.

"In zauna in ga mi? Kai kullum waya, ba aiki ba sana'a. Ka duba man babur?"

Inna ta ce, "Malam, zauna dai. Yau na ji muryar ɗana."

Ya zauna a kan dakali, ba da son ransa ba. Ya leƙa ya ga karkatattun gidajen, ya ce, "Ashe su ma Turawan suna da aljanu." Daidai nan dogon mutumin ya hau wani bene ya rungumi igiya ya ja wata ƙatuwar ƙararrawa. Ba a ji komai ba, ko kiɗan ma ya ɗauke. Sai dai aka ga fararen zobba suna fita daga bakinta suna faɗaɗa, tsuntsaye suka watse daga rufi, ruwan kwano ya yi rawa, mutanen gari suka toshe kunnuwa.

Yaya ya yi dariya, irin wadda muka manta yana da ita. "Na ji ta," ya ce. "Wallahi na ji ta." Ya ɗago ya ga Baba. Dariyar ta tafi. Ya rage murya gwargwadon iyawarsa ya ce, "Baba, na ga rigunan da Inna ta ninke. Ni ba mahaukaci ba ne. Kaina ke juyawa, shi ke nan."

Baba ya daɗe yana kankare ƙasar da ta manne a fartanya. Can ya ce mani, "Hanyar Gummi ana bi?"

"Ana bi, in an fita da rana."

"To ku fara zuwa asibitin can. In ba a dace ba, maganata na nan."

Washegari na goya shi, na ɗaure mu tare da zanen Inna a ƙugu don kada ya faɗi. Wani ma'aikacin lafiya ya sa shi tafiya, ya juya masa kai nan da can, ya ce can cikin kunne akwai abin da ke riƙe mutum a tsaye, shi ya lalace tare da jin. Ya ba shi magani, ya koya masa wasu motsi na kai. Jin bai dawo ba, har yau. Jirin ya ragu, bai tafi duka ba. Yana ɗan yaɓe da gyaran katanga, ba ya hawa sama. Baba bai sake tayar da zancen mai magani ba.

Ni kuwa ina nan yadda nake, yau nan gobe can. Wayar ma ta faɗa ruwa da fim ɗin a ciki, ban taɓa sanin sunansa ba, don rubutun da ke fitowa ba wanda ya iya karanta shi a gidanmu. Amma tun ranar, in mutum ya ce mani bango ya karkace alhali ni ina ganinsa a miƙe, ba na saurin cewa ya zautu. Nakan matsa kusa in tsaya inda yake tsaye, in duba tukuna.